Sa wa tayar babur mai ƙafa huɗu ƙusoshi saboda ƙanƙara: sukurun kwano ko na kabaid?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Ina da babur mai ƙafa huɗu, da shi nake jan itace daga daji, da shi kuma nake ture dusar ƙanƙara daga hanyar shiga gida. Tayoyinsa irin na laka ne masu manyan haƙora. Cikin dusa ba su taɓa ba ni matsala ba. Amma in rana ta narkar da saman, dare ya zo ya sake daskarar da shi, shi ke nan, sai su yi ta wulwulawa a wuri ɗaya. A gangara kuwa ko na matse birki babur tafiyarsa yake yi. Wani ya ce in sayi sukuru irin na ɗaure kwanon rufi, masu kai mai kusurwa shida, in ɗaura a haƙoran tayoyin baya. Shin wannan dabarar tana ci? Wane tsawo zan saya, guda nawa, kuma tayar ba za ta yi faci ba?

Kawu Mai Faci:
Wa alaikumus salam. Tana ci, ɗana, amma kada ka sayi komai tukuna. Fara ɗauko ma'auni ka auna tsayin haƙoran tayar, daga saman haƙori zuwa gindinsa inda ya haɗu da jikin taya. Kuma kada ka auna haƙori ɗaya ka ce ka gama. Na tsakiya sun fi cinyewa, na gefe sun fi tsayi, na baya ma ba lallai su zo daidai da na gaba ba. Wanda ya fi gajarta shi ne zai gaya maka tsawon sukurun da za ka saya. Ɓangaren da zai nutse cikin roba dole ya tsaya cikin haƙorin, ya bar ko da milimita 2 ko 3 kafin jikin taya. Jikin tayar irin wannan babur ba shi da kauri, kuma iskar da ke cikinta kaɗan ce, don haka tana lotsawa sosai in ta hau dutse ko kututture. Sukurun da ya tsaya dab da ciki yau, lotsawar nan za ta yi ta tura shi har ya leƙa. Yawancin facin da ake samu daga nan yake, ba ranar ɗauri yake nuna kansa ba.

Tsawon da aka fi amfani da shi shi ne inci 3/8, wato milimita 9 da rabi, ko rabin inci, kusan milimita 13. In haƙoranka sun cinye sun koma ƙasa da haka, ka haƙura da ƙusa, tayar ce ta ƙare.

Abu na biyu, sukurun kwano da yawa bakinsu na huda ne, an yi su ne don su yanke ƙarfe su wuce. A cikin roba wannan bakin yana kwashe naman da zaren sukurun ya kamata ya kama. Nemi mai tsinin baki da zare mai faɗi.

Baban Ummi:
Na gode Kawu. Zan auna da safe in Allah ya kai mu. To batun tayoyin baya kaɗai fa?

Ɗan Tsere:
In jan kaya ne damuwarka, baya kaɗai ya isa mana. Nauyin tirela a baya yake sauka, can ake buƙatar kamu. Ka rage kuɗi ka rage wahala.

Maman Sadiƙ:
A'a ƙanena, a nan kam ban yarda da kai ba. Ka sake karanta abin da ya rubuta, ya ce a gangara birki ba ya tsai da shi. In mutum ya taka birki nauyi gaba yake komawa, tayoyin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, kuma su ne ke juya babur. Ka ba baya haƙoran ƙarfe ka bar gaba da roba zalla, ka samu abin da zai tashi da ƙarfi amma ba ya jin sitiyari. Ka karya kwana, baya na turawa, gaba na sulɓewa, sai ka tafi miƙe cikin abin da kake ƙoƙarin kauce wa. In ka juya lamarin ka sa a gaba kaɗai, gindin ne zai zagayo ya wuce ka a gangara, da tirelar itace a bayanka. Ni nawa duka huɗun na sa, kuma ba zan ba kowa shawarar ya yi rabi ba. In kuɗin ne bai kai ba, gara a rage yawan ƙusoshin kowace taya a raba su huɗu.

Ɗan Tsere:
Yaya, a fili mai shimfiɗe da tafiya a hankali mutane da yawa baya kaɗai suke sawa kuma suna aikinsu. Amma tunda akwai gangara a hanyarsa, maganarki ta fi ƙarfi.

Injiniya:
Bari in ɗan yi bayanin abin da ke faruwa tsakanin taya da ƙanƙara, don shi zai warware yawancin tambayoyin.

Roba a kan busasshiyar kwalta tana iya riƙe turi na gefe ko na birki da ya kai kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na nauyin da ke kanta. A kan sumul ɗin ƙanƙara abin yana faɗowa zuwa wajen kashi 10. Shi ya sa nisan tsayawa ke ninkuwa sau da yawa. Kuma ƙanƙara ta fi santsi ga taya idan sanyi yana kusa da digiri sifili, lokacin da samanta ke da laimar ruwa, irin wadda Baban Ummi ya kwatanta. In sanyi ya tsananta ya kai 20 ko 30 ƙasa da sifili, saman yana bushewa, roba tana ɗan samun kamu, ƙanƙarar kuma tana ƙara tauri har ƙusa ba ta shiga sosai. Wato ƙusa ta fi nuna amfaninta a daidai ranakun da suka fi haɗari.

Tayar laka kuwa ita ce mafi muni a wannan yanayi. An yi manyan haƙoranta ne don su nutse cikin abu mai laushi su ture shi baya. Ƙanƙara ba ta nutsuwa. Abin da ya rage yana taɓa ƙasa shi ne 'yan dunƙulen roba masu sumul, robar ma ta sandare saboda sanyi. Tayar hunturu ta mota tana da roba mai laushi da ɗaruruwan ƙananan tsagu da ke share laimar nan su kama. Tayar laka ba ta da ko ɗaya.

Ƙusa ba da gogayya take aiki ba. Tana tara nauyi a kan ɗan tsini, ta fasa saman ƙanƙara, ta karce shi. Wannan karcewar ce kamun. Daga nan za ku ga cewa yawan ƙusa ba kullum yake nufin ƙarin kamu ba. Danna allura ɗaya a tafin hannunka za ta shige, danna buroshin wanki da ƙarfi iri ɗaya ba abin da zai shiga. Babur mai ƙafa huɗu ba shi da nauyin mota. In ka cika tayarsa da ƙusoshi, nauyin zai rarrabu a kansu, kowace ta taɓa sama-sama kawai.

Ɗan Tsere:
Injiniya, to me za ka ce game da motocin tseren Suwidin? Kowace taya ƙusa 384 ce, kowace ta fito waje kusan milimita 7, kuma a kan ƙanƙara suke gudun da ya wuce na wasu tseren kan tsakuwa. In yawa ba ya ƙara kamu, me ya sa suke cikawa haka? Ga kuma masu tseren babur na kan ƙanƙara, irin wanda Nikolai Krasnikov na Rasha ya riƙe kambinsa na duniya shekara takwas a jere daga 2005 zuwa 2012. Tsinin tayarsu yana kai milimita 28, babur ɗin ko birki babu, suna kwantawa a kwana har gwiwa na shafar ƙasa.

Injiniya:
Tambaya mai kyau. Duba faɗin tayar da suke sawa a tseren Suwidin, siririya ce ƙwarai idan ka kwatanta da ta kwalta. Da gangan aka matse ta don nauyin motar, wanda ya haura tan ɗaya, ya taru a ɗan wuri ya danna ƙusoshin. Wato su ma wannan lissafin suke yi. Sannan dogon tsini mai kaifi yana shiga da ɗan nauyi, ba irin kan sukuru mai faɗi ba. Su kuma baburan tseren, ba daga waje ake ɗaura tsinin ba. Ta cikin taya ake huda shi ya fito, a ɗaure da noti, kuma tayar ba ta taɓa ganin wani abu sai ƙanƙarar da aka share aka shirya. Baban Ummi zai bi ta kan ƙanƙara, ya hau tsakuwa, ya taka saiwa, ya shiga gareji mai siminti, duk a fita ɗaya. Buƙatarsa daban ce.

Baban Ummi:
To guda nawa ke nan, Injiniya? Tayoyina inci 25 ne.

Injiniya:
Taya mai inci 25 zagayenta kusan mita 2 ne. A Finland da maƙwabtanta, a 2013 an kafa wa tayar mota ta kan titi ƙa'idar kada ta wuce ƙusa 50 a kowace mita ta zagayen taya, sai dai in ta ci jarrabawar da ke nuna ba ta cin kwalta fiye da kima. An kafa wannan ne don kare titi, ba don daji ba, amma yana ba ka ma'auni: ƙusa 100 a taya irin taka ba kaɗan ba ne. Ni zan ce ka fara da ɗaya a kowane haƙori, biyu a manya, ka gwada. Ƙari yana da sauƙi. Ragewa kuwa rami yake bari.

Kawu Mai Faci:
Kuma wurin da ka sa ta ya fi yawanta muhimmanci. Kada ka jera su a layi ɗaya a zagayen taya. In ka yi haka, ta farko ta karce ƙanƙara, ta biyu ta faɗa cikin ramin da ta farko ta haƙa, ba ta samu abin kamawa ba. Ka karkasa su, wannan ta ɗan matsa hagu, mai bi mata ta ɗan matsa dama, yadda kowace za ta samu sabon wuri. Ka sa a tsakiyar naman haƙori, nesa da bakinsa, in ba haka ba haƙorin zai tsage ya tofar da ita. Haƙoran kafaɗa su ma a ba su rabonsu, don su ne ke riƙe ka in hanya ta karkata gefe. Amma can gefen da ba ya taɓa ƙasa, asarar ƙusa ce.

Wajen ɗauri, shigar da tayoyin ɗaki su kwana su yi ɗumi, roba mai sanyi tsagewa take yi. Ka ba su iska su yi tauri. Injin hudarka ka sa shi a hankali, kuma da zarar kafaɗar ƙusar ta zauna a kan roba ka saki. In ka ƙara juyi ɗaya bayan nan, zaren ya tauna robar, ƙusar nan ta zama ta faɗuwa. In ka gama ka zuba ruwan sabulu a kan tayar ka duba ko akwai inda ke kumfa. Sannan ka ɗaga babur ka juya kowace taya da hannu, ka karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka tabbata ba abin da ke kusa da tiyon birki ko madigadi.

Baffa:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina ganin an tsallake tambayar farko da yaron nan ya yi, wato ko sukurun gini ya dace. Ni ra'ayina bai dace ba, sai in a kan tafki kaɗai zai yi yawo. Ƙarfen sukuru ya fi ƙanƙara tauri nesa ba kusa ba, amma tsakuwa da siminti sun fi shi. Abin da ke kamawa shi ne kaifin bakin kan nan mai kusurwa shida. Ka bi ta kan tsakuwa na ɗan lokaci, kaifin ya tafi, kan ya zama mulmulalle. Mulmulallen ƙarfe a kan ƙanƙara kuwa ba kamu yake ƙarawa ba, ɗaga robar ma yake yi daga ƙasa. Mutum yana ganin ƙusoshi a tayarsa yana sakin jiki, alhali sun daina aiki.

Ƙusar da aka yi don wannan aiki tana da tsinin tangistin kabaid a tsakiya, irin abin da ake sa wa bakin injin huda kankare. Taurinsa ya fi na ƙarfen sukuru nesa ba kusa ba. Jikinta kuma zare ne mai faɗi da aka yi don roba. Akwai kamfanoni irin su Grip Studs da Best-Grip da Maxigrip, kowanne yana da jadawalin da ke nuna zurfin da ƙusar ke shiga da tsayin da take fitowa, sai ka haɗa da awon haƙoranka. Tsada kam sun fi, ba a musu. Amma ana kwance su in hunturu ya wuce a adana, a sake ɗaurawa.

Ɗan Tsere:
Baffa, da girmamawa, akwai na tsakiya. Irin su Kold Kutter sukuru ne na ƙarfe da aka gasa ya yi tauri, an yanka kansa ya yi kaifi, masu tseren kan tafki shi suke sawa. A kan tsantsar ƙanƙara ya fi na kabaid cizo, don bakinsa ya fi faɗi da kaifi.

Baffa:
Gaskiya ne, a kan tsantsar ƙanƙara. Kai ma ka faɗa da bakinka. Shi kuwa hanyar gidansa zai share, ƙarƙashinta tsakuwa ce ko siminti, kuma wurin ture dusa taya tana yawan wulwulawa. Kwana kaɗan za su yi su dakushe.

Maman Sadiƙ:
Tunda an ambaci siminti, a sani cewa kabaid ɗin ma yana da nasa ɓarnar. Duk inda ka juya sitiyari a tsaye, ko taya ta wulwula, sai ya bar zane a daɓen gareji da hanyar gida, kuma zanen ba ya gogewa. Katakon tirela ma haka. Ni tsohuwar tabarmar roba na shimfiɗa inda nake ajiye nawa. Sannan duk ƙusar da ta fice ta faɗi a tsakar gida, tayar motarka ce za ta tsince ta, ko ƙafar yaro, ko ta dabba. Wannan ma dalili ne na kada a yi arha da abin da ba ya zama daram.

Abban Khalil:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni jif gare ni, tayoyinsa suna da ƙananan ramuka a jikin zanen, an ce na ƙusa ne. Na yi hunturu ɗaya da su haka. Zan iya kai su a sa mini yanzu?

Kawu Mai Faci:
Wannan wani fanni ne daban, Abban Khalil. Waɗancan ramukan daga masana'anta suke, kuma ƙusarsu ba ta da zare. Tana da faffaɗan gindi, da bindigar iska ake buɗe ramin a cusa ta, roba ta rufe a kanta. Girmanta ma da lamba yake, gwargwadon zurfin ramin. Sai dai a sabuwar taya ake yi. Wadda ta riga ta yi tafiya, ramukanta sun cika da yashi da ƙananan duwatsu, zanen kuma ya ragu. In aka cusa ƙusa a kan tsakuwa ba za ta zauna ba, ko ta tura tsakuwar cikin jikin taya. Mai aikin kirki ba zai karɓa ba. Ka bari sai ka sayi sababbi, kuma in an sa, ka yi tafiyar kilomita 400 zuwa 500 ta farko a natse, ba fizga ba birkin gaggawa, don su zauna.

Injiniya:
Abban Khalil, tunda kai kana hawa titi, sai ka duba dokar inda kake kafin komai, don ta sha bamban ƙwarai. Jamus ta hana tayar ƙusa tun 1975. Japan ta kafa dokar hanawa a 1990, bayan ƙurar kwaltar da ƙusoshi ke karcewa ta addabi biranen arewacinta irin su Sendai da Sapporo. A Amurka kowace jiha da nata, Minnesota duk da sanyinta ta hana mazaunanta tun farkon shekarun 1970. A Kanada, Kwibek ta yarda daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu, Ontariyo kuma sai mazauna arewacinta. A Oslo kuɗi ake biya kafin a yi yawo da ita cikin gari, a Stockholm akwai titin Hornsgatan da aka hana tun 2010. Ko a inda aka yarda, ƙusar titi ɗan kaɗan take fitowa, milimita ɗaya da 'yan kai. Dogayen nan masu zare da muke magana a kansu na daji ne, ba na kwalta ba. A gudun babban titi zafi da juyi suna iya cillo su, kuma a busasshiyar kwalta suna rage maka kamu.

Wani abu kuma: alamar dutse mai kololuwa uku da ake gani a gefen taya, jarrabawar dusa ce ta ci, ba ta ƙanƙara ba. Tayoyin jif da yawa suna da ita amma a kan sumul ɗin ƙanƙara ba su da wani abin kirki.

Abban Khalil:
Allah ya saka da alheri. Ai ina ganin tunda ina da giyar ƙafa huɗu ban da matsala sosai.

Maman Sadiƙ:
Giyar ƙafa huɗu tashi take taimaka maka, Abban Khalil. Wajen tsayawa, kowace mota birkin ƙafa huɗu gare ta, kai da mai ƙaramar mota ɗaya kuke, kai ma ka fi shi nauyi.

Baffa:
Akwai abin da nake so Baban Ummi ya ji da kyau, don shi ne ya fi damuna a duk zancen nan. Ƙusa ba ta cire haɗari, sauya masa kama take yi. Babur mai ƙafa huɗu dogo ne, ƙafafunsa kusa da juna, mahayin kuma yana zaune a can sama. Yanzu da tayarsa ba ta kamawa, in ya shiga kwana da gudu sulɓewa zai yi. Ranar da ya sa ƙusoshi, tayar waje za ta cije, ƙarfin da da zai tafi a sulɓi sai ya ɗaga ƙafafun ciki. Abin da ke kashe mutane a wannan babur mafi yawa kifewa ne, ya danne mai shi. Mafi muni shi ne ka fara sulɓewa gefe a kan santsi, sannan ƙusoshin su kama kwatsam. Don haka kwalkwali dole ne, kuma gudun da kake yi da shi a da, kada ka ƙara saboda ka ji ƙafarka ta zauna.

Haka nan ƙarfen da ke kai juyi zuwa taya. Taya tana wulwulawa da ƙarfi, ta zo ta cafki ƙasa lokaci ɗaya, duk bugun nan a kan shaf da gaɓoɓinsa yake sauka. In ta fara wulwulawa, saki totur, kada ka ƙara. Da hakan kake tsare shaf, kake kuma tsare ƙusoshin daga tsigewa.

Ɗan Tsere:
Wannan haka yake. Kuma a kan falalen dutse ƙusa santsi take ƙarawa, ƙarfe a kan dutse ba ya kamu irin na roba. Masu hawan duwatsu su lura.

Baban Ummi:
Baffa na ji, Allah ya ƙara girma. Wani abokin aikina kuma cewa ya yi in manta da ƙusa in sayi sarƙa. Me kuka gani?

Maman Sadiƙ:
Ya danganta da abin da ya fi yawa a hanyarka. Cikin dusa mai zurfi ƙusa ba ta da aikin yi, don ba ta kai ga wani abu mai tauri da za ta kama. Nan sarƙa ta fi, musamman mai 'yan ƙarafuna a jikinta, tana haƙa dusa tana kuma fasa ƙanƙarar da ke ƙasa. Kuma kana cire ta in ka gama. Aibinta, tafiya a hankali dole, ga girgiza, ga ta tana kwancewa ta daki madigadi ko ta kamo tiyon birki. A tayoyin gaba sau da yawa ma babu sararin da za ta shiga. Kai kuwa ka ce dusa ba ta dame ka ba, daskararren saman ne matsalarka. Wannan aikin ƙusa ne. Wasu suna haɗawa, ƙusa a huɗun, sarƙa a baya ranar da kaya ya yi nauyi.

Kawu Mai Faci:
Kada a manta da iska. Sanyi yana rage ta, a tayar mota kusan psi ɗaya (ma'aunin ƙarfin iskar taya ke nan) a duk digiri 5 ko 6 da aka sauka. A mota wannan ba wani abu ba ne, amma tayar da duka iskarta psi 5 ce, in ka hura ta a ɗaki mai ɗumi ka fita da ita cikin tsananin sanyi, ta yi laushi sosai. Taya mai laushi tana barin ƙusa ta kwanta gefe maimakon ta tsaya ta soki ƙanƙara, kuma a nan ne tsininta na ciki ke matsawa kusa da jikin taya. Ka nemi geji na ƙaramar iska, ka auna a waje bayan tayar ta huce, ka bi abin da aka rubuta a jikin babur ɗin.

Abban Khalil:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Masu shiga kan tafki da abin hawa fa, ƙusa tana da alaƙa da kaurin ƙanƙarar?

Baffa:
Ko kaɗan. Ƙusa tana hana ka sulɓewa, ba ta hana ka nutsewa. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota tana ba da ma'auni na sabuwar ƙanƙara mai haske: inci 4 ga mai tafiya a ƙafa, inci 5 zuwa 7 ga ƙaramin babur mai ƙafa huɗu, a-kori-kura kuwa sai ta kai wajen inci 12 ko fiye. Farar ƙanƙara wadda dusa ta cakuɗa da ita rabin ƙarfin mai haske gare ta, don haka sai a ninka. Kuma kauri ba ɗaya yake ba a faɗin tafki, inda ruwa ke gudana a ƙasa ko kusa da mashigar rafi ya fi siranta. Ana hudawa ne a auna, a ƙara gaba a sake aunawa.

Baban Ummi:
Na auna yau. Haƙoran baya na tsakiya milimita 17, na gaba 14. Ke nan ba tsawo ɗaya zan saya ba?

Kawu Mai Faci:
Kana iya sayen iri biyu, amma ni zan ce ka sauƙaƙa wa kanka, ka ɗauki wadda ke nutsewa milimita 11 ko ƙasa da haka ka sa a duka huɗun. Ta bar maka sarari a gaba, a baya ma ta riƙe. Ka sayi ƙari kaɗan a kan lissafinka saboda waɗanda za su fice, kuma ka tabbata an haɗo maka da bakin ɗaurinta, don kowane girma da nasa. In wata ta fice kada ka mayar a tsohon ramin, matsa gefe kaɗan in haƙorin yana da fili, in babu ka bar shi haka.

Ɗan Tsere:
Ni har yanzu ina ganin da zai gwada sukurun tsere a tayoyin gaba ya ji bambancin sitiyari.

Baffa:
Ya gwada ranar da ya samu tayoyin da ba za su taɓa tsakuwa ba. A waɗannan dai kabaid.

Baban Ummi:
Kabaid zan saya, duka huɗun, ɗaya a kowane haƙori tukuna. Kawu, in hunturu ya wuce na kwance su, ramukan ba za su lalata tayar ba?

Kawu Mai Faci:
In ba su kai jikin taya ba, roba tana rufewa, za ka yi aikinka na damina da rani da ita lafiya. Ka wanke tayar kafin ka kwance don kada yashi ya cika kan ƙusoshin bakin ɗauri ya kasa kamawa, ka juya su baya a hankali, ka ware waɗanda tsininsu ya karye. In za ka mayar badi, sabon wuri za ka nema a kan haƙorin, kuma ka sake aunawa kafin nan, don haƙoran za su ƙara cinyewa.